Daga Launi Miliyan 16 Zuwa Toka 256: Lissafin Hoton Baƙi da Fari

Hoton waya ko na kyamara tarin ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma yana ɗauke da lambobi uku: ta ja, ta kore da ta shuɗi. Kowace lamba tana tashi daga 0 zuwa 255, haɗuwarsu ke ba da launuka 16,777,216. A hoton baƙi da fari kuwa, lamba ɗaya tak ɗigon ke da ita: 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat, sauran duk toka-toka. Ke nan dole launuka dubbai su taru a mataki guda.

To, yaya ake rabon? Hanya mafi sauƙi ita ce a tara lambobin uku a raba gida uku. Sai dai da wannan lissafi, tsantsar ja da kore da shuɗi duk 85 suke bayarwa, alhali ido ya fi ganin hasken kore. Shi ya sa ƙa'idar talabijin ta BT.601, ta shekarar 1982, ta ba kore kashi 58.7 cikin ɗari, ja 29.9, shuɗi 11.4. Da ita tsantsar kore ke komawa 150, ja 76, shuɗi 29. Ƙa'idar BT.709 ta 1990 ma ta ƙara wa kore, ya kai 71.5.

Duk da haka akwai sauran rina a kaba. Koren da lambarsa 130 shi ma 76 yake bayarwa, daidai da tsantsar ja. Don haka jar hula a gaban koren labule sai ta saje, shuɗiyar riga kuma ta koma kusan baƙa, aikin wuyanta ya ɓace.

Firinta ma tana rage nata. Galibi ba ta da tawada mai launin toka, ƙananan ɗigon baƙi take jerawa. Mai ɗigo 600 a inci, idan tana buga layi 75 a inci, mataki 65 kacal take iya fitarwa cikin 256.

Saboda haka kada a bar wa firinta aikin juya hoto zuwa baƙi da fari. A juya hoton tun a kwamfuta, a Photoshop ko GIMP, a daidaita kason kowane launi da hannu. Idan fuskokin mutane sun yi duhu, a ƙara kason ja. Sannan a buga gwaji guda a irin takardar da za a yi aikin da ita, a duba da ido kafin a saki sauran.