Ɗumamen waƙa

A gidajen Zermu ba a zubar da tuwon dare. Malmalar da ta kwana, da sassafe uwar gida za ta yanka ta gunduwa-gunduwa, ta zuba cikin sauran miyar kuka, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta ɗora a kan garwashi ta rufe. Kafin yara su dawo daga makarantar allo ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida. Magidanta da yawa za su rantse maka ɗumame ya fi sabon tuwo daɗi, don ya kwana ya haɗe jikinsa, ni ma ina cikinsu. Amma ba kowane hannu ya iya shi ba. Wata za ta ba shi wuta ya kama ta ƙasa ya yi ƙauri alhali cikinsa da sanyi, wata kuma ta cika masa ruwa ya dawo kamar kunu.

Aikin ke nan da samarin mawaƙa suka ɗauka yanzu, masu ɗauko waƙoƙin magabata suna sake rera su da fiyano. Je gidan biki a Birni ko Zango a cikin Damagaram, ko a Miriya, za ka ga yaro ya kafa Yamaha a kan ƙafafun ƙarfe, injin wuta na ruri a bayan rumfa, ya gama waƙoƙin fim, sai ya ce bari ya tuna da manya. Nan take dattawan da suka fara gyangyaɗi su gyara zama. Wasu kuwa tsaki suke ja, su ce an taɓa abin da ba a taɓawa. Ni ban ga laifin taɓawar ba. Waƙar da ba mai rera ta a kaset za ta ruɓe, kuma 'ya'yanmu ba su ma san rakoda ba. Iya ɗumamen ne abin dubawa.

A Amurka da Turai wannan sana'a ce mai zaman kanta. Mutum ɗaya zai zauna gaban fiyano a ƙaramin zaure, ya kwashe dare yana rera waƙoƙin mawallafi guda, yana tsayawa tsakani ya ba da labarin yadda aka yi kowace. Irin su Burt Bacharach, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 94, sun sauƙaƙa wa na baya aiki: shi ke tsara karin, Hal David ya rubuta kalmomin, Dionne Warwick ta rera da yawa daga cikinsu, kuma komai na rubuce a takarda. Tun ran farko waƙar hannu-hannu take bi, wanda ya zo daga baya hannu ɗaya ne kawai ya ƙaru.

Namu ba haka aka tuƙa shi ba. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura, nan kusa da iyaka, ba ya rubuta waƙa. A fili yake ƙera ta, yana duban wanda yake yi wa, kalangai na ba shi amsa, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙar. Shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ta yi ta sauyawa, ta wannan kaset daban da ta wancan. Marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, waƙarsa cike take da sarakai da dakarai da garuruwa, har wanda ya iya saurare zai tsinci tarihin ƙasar nan a ciki. Mai son ɗumama irin wannan da fiyano ya san ba kari kaɗai ya ɗauko ba, ya ɗauko mutane da sunayensu.

Ƙaurin da na fi ji shi ne na kiɗan inji. Fiyanon zamani akwai maɓallin da in ka danna, ganga za ta yi ta bugu da kanta, gudu ɗaya, ba ta gajiya, ba ta kuma jiran kowa. Shata kuwa yakan ja baiti ya tsawaita shi, ya yi shiru, ya jefa habaici, ya bar jama'a su yi shewa, makaɗansa na biye da numfashinsa. In ka ɗora kalmominsa a kan wannan bugun, sai mawaƙi ya dinga bin inji da gudu, yana haɗiye ƙarshen kalma don ya cim masa. Waje ya ɗau zafi, 'yan mata na rawa, amma ba wanda ya ji me aka ce.

Akwai kuma abin da fiyano ba zai taɓa yi ba ko a hannun gwani. Kalangu magana yake. Makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata ya saki, sauti ya hau ya gangaro kamar yadda muryar Bahaushe ke yi, har mai kunne ya gane kirarin wa ake bugawa kafin mawaƙi ya buɗe baki. Fiyano sauti goma sha biyu gare shi suna maimaituwa, kowanne a tsaye inda maƙeri ya ajiye shi. Wanda ya gane haka ba ya sa fiyano kwaikwayon kalangu. Yakan sassauta hannu, ya taɓa kaɗan-kaɗan, ya bar murya ta ɗauki nauyin. A nan ne wani lokaci ɗumamen ke fin sabo: baitin da shekara da shekaru kake ji cikin ƙarar tsohon kaset ba ka kama shi ba, sai ga shi tas a kunnenka.

Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, su suka fi karɓar wannan salo, don shi ma shi kaɗai yake tafe da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi. Waƙar Karen Mota labari ce, mai fiyano ɗaya da murya mai kyau zai iya riƙe ta daga farko har ƙarshe.

Cika ruwa kuwa shi ne a zare sunan wanda aka yi wa waƙa a cusa na ango, ko na ɗan siyasar da ya zo da jika-jika a aljihun babbar riga. Na san bakin mawaƙi ma yana son ci, kuma roƙo tsohuwar sana'a ce. To ka ƙera wa ango tasa mana. Kirarin da aka yi wa sarkin Damagaram da ya hau gadon Sarki Tanimun, in ka liƙa wa mai shagon siminti, ba girma ka ba shi ba, kuma yaron da ya fara jin waƙar a bakinka ya tafi da ita a gurguje. Masu riƙe makirufo suna motsa leɓe waƙa na tashi daga waya, waɗannan ba sa cikin lissafi, ko murhu ba su kusanta ba.

Muna da wanda ya nuna yadda ake yi, kuma ɗan jihar Damagaram ne. Malam Mamman Barka na Taskar, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya riga ya yi suna lokacin da ya tashi a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon Buduma mai kaɗa biram, garayar masunta mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale. Ya zauna ya zama almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙin daga bakin mai su, sannan ya fita da su duniya, kuma bai ɓoye sunan malaminsa ba har ya rasu a 2018. Hukuma ta sa wa gasar waƙa sunan mawaƙi Ɗan Gurmu, ta sa wa makarantar kiɗa ta Yamai sunan makaɗi Alhaji Taya, madalla. Sai dai suna a kan allo ba ya koya wa yaro baiti ko ɗaya.

Don haka ku masu fiyano, kafin ku hau rumfa da waƙar wani, ku nemi tsofaffin 'yan amshi da iyalan makaɗa tun suna raye, ku tambayi ma'anar abin da kuke rerawa da wanda aka yi wa. Ku faɗi sunan mai waƙa da baki kafin ku fara. In an yi liƙi mai kauri, ku tuna ya bar 'ya'ya. Kuma don Allah, ko na waƙa ɗaya ne, ku kashe maɓallin gangar nan.