Masu Farautar Kwabo Mai Huji

A Amurka, katin ɗan wasan besbol da aka cusa cikin kwalin taba sigari a shekarun 1880 yana iya sayen gida a yau. Mu a yankin Funtua da Malumfashi, abin da ake bi gida-gida ana nema shi ne tsohon kuɗi: anini, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, da dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza.

Auduga ce ta tara su a nan. Tun zamanin kamfanin auduga na BCGA, manomi yakan dawo daga awo da tsabar ƙarfe a jaka, ya zuba a tulu ya binne, ko uwargida ta ƙulle nata a ƙasan adaka. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, abin da ba a canza ba ya kwanta. Yanzu garma ke tono wani, rabon gado ya fito da wani.

Mai sana'ar yana fita da babur, ƙaramin sikeli da gilashin ƙara girma. A ƙauyen Bakori ko Kafur akasari tari ake sayar masa, kamar kayan gwangwan. "Baba, nawa za ka sallama?" Ciniki ya faɗa, sai ya koma gida ya baje kan tabarma. A nan ne aikin yake. Shekara yake dubawa, da sunan sarki, da ɗan harafin H ko KN da ke nuna masana'antar Ingila da ta buga. Kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka kafin shekarar ta ƙare, yakan ware shi gefe, ko da yake an buga shi da yawa. Dala kuwa kusan duk 1780 aka rubuta mata, har waɗanda aka buga daga baya, don haka sai a ɗora ta a sikeli a ga ko ta kai giram 28, a sake ta a siminti a saurari amonta.

Sabon shiga yakan goge kwabo da toka da lemun tsami har ya yi walƙiya, ya kashe darajarsa da hannunsa. Mai tarawa tsufan yake saye.

Kasuwar tana Kano, a rumfunan kayan gargajiya na Kurmi, sai kuma masu saye ta WhatsApp. Dalar da ta lotse takan ƙare a hannun maƙerin fari, ta koma zobe. Riba ba kullum ba. Guda ɗaya mai kyau ke ɗauke kuɗin man mako. Rashin tsaro ya rufe ƙauyuka da dama wajen Faskari da Sabuwa. Ga kuma 'yan damfara masu yaɗa cewa kwabo ɗaya miliyoyi ne, har tsohuwa ta ƙi sayar da aninin da kasuwa ta cika da irinsa, ta ce dillali ne ke son cutarta.