Kafin Ka Tsallaka Iyaka Neman Magani a Turai

A 1998 kotun Tarayyar Turai ta zauna a kan maganar tabarau. Wani mutumin Luksambog, Nicolas Decker, ya tsallaka garin Arlon na Beljiyam ya sayi tabarau da takardar likitan ƙasarsu, sai asusun inshorarsa ya ce ba zai mayar masa da ko sisi ba tunda bai nemi izini ba. A rana guda aka yanke shari'arsa da ta Raymond Kohll, wanda ya so a daidaita wa 'yarsa haƙora a Trier ta Jamus. Kotu ta ba su gaskiya su biyun. Wannan hukunci ne ya share hanyar dokar 2011 kan neman magani a wata ƙasar tarayyar, wadda aka wajabta wa ƙasashen tarayyar aiki da ita daga Oktoban 2013.

Maganar ta shafi 'yan uwanmu da ke zaune da takardu a Hambog, Burasel, Faris ko Milan, suna cikin inshorar lafiya ta gwamnati. Da yawa sun ji cewa ana iya jinya a maƙwabciyar ƙasa a dawo a karɓi kuɗi. Haka ne, amma a nan ake tafka asara, don an ji kan zancen ba a ji gindinsa ba.

Mu fara da shuɗin katin da ake kira EHIC, Faransawa kuma su ce CEAM. Kyauta ake ba da shi, a Jamus da Italiya ma yana bayan katin inshorarka. Aikinsa shi ne idan ciwo ya same ka kana baƙunta, a duba ka a asibitin da ke cikin tsarin gwamnati kamar ɗan ƙasa. Inda ɗan ƙasa ke biyan wani kaso, kai ma za ka biya. Ba ruwansa da asibitin kuɗi, ba ruwansa da jirgin da zai mayar da majinyaci gida, kuma ba ya ɗaukar wanda ya yi tafiya takanas don a yi masa aiki. Ga wani tarko da ya fi kama irinmu: mai fasfo ɗin Najeriya, Nijar ko Gana ba zai iya amfani da katin a Denmak, Norwe, Suwizalan, Aisilan da Lishtenshtain ba, sai in ɗan gudun hijira ne ko yana cikin iyalin ɗan tarayyar.

Wanda ya shirya tafiya jinya, takardar S2 ya kamata ya fara tambaya. Asusunsa ne ke ba da ita kafin ya tashi, sannan hukumomin ƙasashen biyu su yi lissafi tsakaninsu. Ba a hana ta idan aikin yana cikin waɗanda inshorar ke ɗauka a gida, kuma layin jira ya wuce abin da jikin majinyaci zai jure a ganin likita. Wata 'yar Ingila, Yvonne Watts, da ta je Faransa aka canza mata ƙugu, ita ce shari'arta ta ƙarfafa wannan ƙa'ida a 2006, lokacin Birtaniya tana cikin tarayyar.

Hanyar dokar 2011 ita ta fi jan hankali, don tana karɓar har asibitin kuɗi, ita kuma ta fi cizo. Kai za ka biya daga aljihunka, ka dawo da rasit. Abin da za a mayar maka ba a auna shi da abin da ka kashe, ana auna shi da farashin da asusunka zai biya da a gida aka yi aikin. A ce an caje ka Yuro 3,000, farashin gida kuwa 1,800 ne. To 1,200 sun tafi ke nan. In kuma ka samu da araha, ka biya 1,000, iyakar 1,000 za a ba ka, ba a cin riba da ciwo. Aikin da inshorarka ba ta ɗauka a gida, ba za ta ɗauke shi don an yi shi a waje ba. Kuɗin jirgi da masauki ba dole ba ne a kan asusun. Dashen gaɓɓai, kulawar dogon lokaci da shirin rigakafi na gwamnati duk suna wajen dokar.

Sannan kada a ruɗu da nasarar Decker a ɗauka an soke izini. Ƙasashe da yawa suna neman sa idan za a kwana a asibiti ko za a yi amfani da manyan na'urori masu tsada. Mazaunin Jamus da zai je Hungari ko Folan a sa masa haƙoran roba, sai asusunsa ya amince da takardar tsarin aiki da kuɗinsa tukuna. Wanda ya zauna a kujerar likita kafin amsa ta fito, ya sayi rigima da kuɗinsa. A ganina wannan doka ta fi yi wa mai abin hannu daɗi, domin talaka ba shi da dubban Yuro da zai ajiye yana jiran a maido. Shi ya sa nake cewa a fara da S2.

Kowace ƙasa tana da ofishin tuntuɓa da dokar ta tilasta a kafa don amsa waɗannan tambayoyi. A nemi amsa a rubuce. A kuma riƙe komai: rasit mai fayyace kowane aiki da kuɗinsa, shaidar biya, takardar magani, rahoton likita. Wasu asusun sai an fassara musu takardun. Faransa tana ba da wa'adin shekara 2 a shigar da buƙata, kuma cibiyar da ke garin Vannes ce ke duba ta.

Saura mai zuwa ganin gida. Duk abin da aka faɗa ya tsaya a iyakar Turai. Inshorar gwamnatin Jamus ba ta biyan gadon asibiti a Kano ko Kumasi, sai an sayi inshorar tafiya daban. Faransa takan duba ciwon gaggawa da ya zo ba zato a Damagaram ko Yamai, amma ganin dama ne, kuma da ma'auninta za ta biya. Haka iyayen da ake gayyata ziyara: inshorar bizar Shengen, wadda dole ta kai Yuro 30,000, ta gaggawa ce, ba za ta biya aikin idon da aka ɗauko Baba daga gida domin sa ba.