Hafsan Sojin Ruwan Amurka da Jiragen da Ke Jiran Gyara

A watan Agustan 2025 Adimiral Daryl Caudle ya karɓi ragamar rundunar sojin ruwan Amurka, wata shida bayan gwamnatin Donald Trump ta sauke Adimiral Lisa Franchetti, mace ta farko da ta taɓa riƙe wannan muƙami. Caudle tsohon kwamandan jirgin ƙarƙashin ruwa ne. Da ya tashi bayyana abin da zai sa a gaba, sai ya fara da wuraren ƙera jirage da gyara su, sannan jiragen da mutanensu, kafin ya zo kan fagen daga. A ganina ya kama bakin zaren.

Ya gaji wa'adi mai tsauri. A shirin da Franchetti ta fitar a 2024, an ce kafin 2027 kashi 80 cikin 100 na jiragen yaƙin rundunar su kasance a shirye su fita da zarar an kira. Shekarar tana da dalili: jami'an leƙen asirin Amurka sun ce Shugaba Xi Jinping na Sin ya umurci sojojinsa su kammala shirin iya ƙwace Taiwan kafin lokacin. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta cewa Sin tana da jiragen ruwan yaƙi sama da 370, alhali na Amurka ba su kai 300 ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gyara. Wuraren gyara huɗu kacal gwamnati ta mallaka da ke kula da jirage masu aiki da nukiliya: Norfolk, Portsmouth, Puget Sound da Pearl Harbor, kuma dukansu sun haura shekara ɗari da kafuwa. Jirgin ƙarƙashin ruwa USS Boise ya dawo daga aiki a 2015, ya yi ta jiran layi har aka hana shi nutsewa a 2017, ya kwashe shekaru a ɗaure a bakin ruwa. A ɓangaren sababbin jirage ma, ana son a riƙa ƙera jiragen ƙarƙashin ruwa samfurin Virginia biyu a shekara, amma kamfanonin da ke ƙera su sun kasa, saboda ƙwararrun masu walda da masu haɗa wayar lantarki sun yi ƙaranci. Mai walda da ya iya aikin jirgin nukiliya sai an shekara da shekaru ana horar da shi, ko nawa majalisa ta ware.

Bahar Maliya ta ƙara tona asirin lamarin. Tun ranar 19 ga Oktoban 2023, lokacin da jirgin yaƙi USS Carney ya kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa na 'yan tawayen Huthi, rundunar ta riƙa harba makamin da ya kai dala miliyan biyu don ta kashe abin da bai kai kusa da wannan kuɗi ba. Matuƙan sun yi rawar gani, wannan babu musu. Sai dai idan rumbun makaman jirgi ya ƙare, dole ya bar fagen fama ya nemi tashar da za a sake loda masa. A Oktoban 2024 aka gwada lodin a tsakiyar teku da jirgin USS Chosin, gwajin ya yi nasara, amma tsakanin gwaji da aikin yau da kullum akwai tafiya. A tekun Pasifik kuwa, inda tazara ta ninka ta Bahar Maliya, komawa tasha yana iya cin makonni.