Makeken Filin Ciyawa na Amurka da Yadda Shekara ke Juya Shi

A tsakiyar Amurka ta Arewa akwai wani makeken fili, ya taso tun daga Kanada ya gangara har Teksas, duwatsun Roki sun tokare shi ta yamma. Turawa na kiransa Fireri. Itatuwa ba su da yawa, sai a bakin kogi. Baƙo in ya ratsa shi yini guda, sai ya ce ba kome ciki sai ciyawa da iska. Amma wanda ya zauna ya lura da shi wata 12, shi ya san abin da Allah ya ajiye a wurin. To, bari mu bi shekarar daki-daki.

Da fari mu san ciyawar. Ta gabas, inda ruwan sama ya fi yawa, doguwa ce, ta kan shanye mutum a tsaye. Ta yamma kuwa gajera ce, da ƙyar ta ke rufe idon sawu. Babbar doguwar nan 'yar'uwar gambarmu ce da mu ke zana da ita, masana tsiro sun sa su zuriya ɗaya. Abin da ido ke gani kaɗan ne, galibin jikinta yana ƙarƙashin ƙasa, saiwarta ta kan nutsa ƙafa 8 ko fiye. Mu riƙe wannan, gama shi ne mabuɗin dukan abin da ke tafe.

A watan Maris, ƙanƙara na narkewa, sai wani ɗan fure ruwan shuni ya ɓullo, jikinsa duk gashi don tsare kansa daga sanyi. A lokacin nan ne wasu tsuntsaye dangin gauraka, fiye da 500,000, ke sauka a kogin Filat na jihar Nebraska, su yi 'yan makonni suna kiwo kafin su wuce arewa. Akwai kuma wata kazar daji mai kama da makwarwa. Da asuba zakarunta ke taruwa a kan tudu, a wuri ɗaya kowace shekara, su kumbura jakunkuna ruwan lemo da ke gefen wuyansu, suna buga ƙafa, suna wani gurnani da a ke ji daga nisan mil guda. Kajin na gefe suna zaɓe.

A watan Afrilu makiyaya a Kansas su kan sa wa filin wuta, kamar yadda mutanen ƙasar na asali ke yi tun kafin zuwan Turawa. Wutar ta kan kashe ƙananan itatuwa, amma ba ta kai ga saiwar ciyawa. Kafin mako biyu ko uku sai toho ya rufe toka. Ɓakanen ƙasar, masu tozo da gemu, nan su ke nufa, jajayen 'yan maruƙansu na biye.

Daga Yuni zuwa Agusta zafi ne da tsawa. Furanni na bin juna, kuma kowane sabon shiga ya fi na gabansa tsawo, don ciyawa na ta tashi, gajere ba ya samun rana. Akwai wata shuka mai rawayan fure, ganyenta na tsayawa gefe ɗaya arewa gefe ɗaya kudu, don ya kauce wa ranar tsaka, saiwarta kuwa ta kan kai ƙafa 15. Ɓakane suna birgima suna barin ramuka, ruwan sama ya taru ciki, kwaɗi su yi ƙwai. Can yamma wani ɗan'uwan kurege mai haushi kamar kare yana haƙa garuruwa ƙarƙashin ƙasa, wata 'yar mujiya kuma ta tare a gidajen da ya bari.

Da kaka ciyawa ta kan rine ta koma ruwan jan ƙarfe, ta mai da abincinta cikin saiwa ta ajiye. A watan Satumba wani malam-buɗe-littafi mai ja da baƙi ke kama hanya zuwa duwatsun Meziko, waɗansu su yi tafiyar mil 2,000 ko fiye. Tsutsarsa ba ta cin kome sai ganyen wata shuka mai farin ƙaro, dangin tumfafiya. Masana ba su gano inda ya ke sauka ba sai 1975.

Da hunturu filin sai ka ce ya mutu. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ɓauna na share ta da ƙaton kansa ya kai ga busasshiyar ciyawa. Amma saiwa na nan da ranta, tana riƙe da ƙasa.

Waɗanda suka zo da garma ba su gane wannan ba. Ɓakane, da a da a ke ƙiyasta su miliyan 30 ko fiye, kafin 1889 an harbe su har saura kamar 1,000. Garmar ƙarfe da John Deere ya ƙera a 1837 ta tsinke saiwar doguwar ciyawa, yau abin da ya rage nata bai kai kashi 4 cikin 100 ba, galibi a tuddan Kansas inda dutse ya hana noma. Daga baya aka kafce gajeriyar ma, aka shuka alkama. Da fari ya zo a shekarun 1930, ba abin da ke riƙe da ƙasa, sai iska ta kwashe ta. Ran 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare, iyalai dubbai suka bar gonakinsu.

Yaya a ke sanin halin wuri irin wannan? Da littafi da fensir da haƙuri. Wani malami, Aldo Leopold, daga 1935 zuwa 1945 yana rubuta ranar da kowane fure ya buɗe da ranar da kowane tsuntsu ya iso a Wiskonsin. 'Yarsa Nina ta ci gaba daga 1976. Da aka gwada lissafin biyu a 1999, sai aka ga wajen sulusin abubuwan suna rigan lokacinsu na da, alamar ƙasar na ƙara ɗumi.

Mu da za mu fita koyarwa, wannan aiki bai fi ƙarfin ko wace makaranta ba. Mu sa yara su rubuta ranar da shamuwa ta iso, da ranar da gamba ta fid da kai, da watan da gawo ya yi ganye. Shekara ɗaya ba ta faɗin kome, amma in magajinmu ya tarar da littafin shekara 20, zai san abin da dajin garin ke ciki tun kafin ya lalace.