Zamanin da Falwaya ke Nuna wa Direba Hanya a Amurka

A shekarar 1903 wani likita mai suna Horatio Nelson Jackson ya tashi da mota daga San Francisco, bai shiga New York ba sai bayan kwana 63. Ba lalacewar mota kaɗai ta riƙe shi ba. Hanyar ce babu. A wancan zamani, da zarar mutum ya fita daga gari a Amurka, sai turbar keken doki: ƙura da rani, taɓo har gindin mota da damina. Tafiya mai nisa aikin jirgin ƙasa ne, hanyoyin karkara kuwa an bar wa ƙananan hukumomi, kowace ta gyara iyakar inda ƙarfinta ya kai.

Cikin waɗanda suka ɗaga murya akwai 'yan kasuwa, kuma dalilinsu a fili yake: mai sayar da mota ko taya ba zai yi ciniki ba idan babu inda za a je. Cikinsu akwai Carl Fisher na birnin Indianapolis, wanda ya yi arziki da sayar da fitilun mota. A 1912 ya kawo shawarar a haɗa gabar gabas da ta yamma da hanya ɗaya. Shugaban kamfanin taya na Goodyear ya yi alkawarin kuɗi, Henry Joy na kamfanin motocin Packard ya shugabanci ƙungiyar da aka kafa domin aikin, aka raɗa wa hanyar sunan tsohon shugaban ƙasa Abraham Lincoln. Henry Ford kuwa ya ƙi ba da ko sisi. A ganinsa gina hanya hakkin gwamnati ne, idan 'yan kasuwa suka ɗauke mata nauyin, ba za ta taɓa tashi tsaye ba. Daga baya an ga cewa maganarsa da ƙamshin gaskiya.

An ƙaddamar da Hanyar Lincoln ranar 31 ga Oktoba, 1913, daga dandalin Times Square na New York zuwa San Francisco, mil 3,389. Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Ba sabon titi aka shimfiɗa ba. Tsofaffin turbobi aka bi aka ƙulla, aka sa musu suna guda. Babban aikin na fenti ne. Ana bin falwayoyin bakin hanya ana shafa musu ja da fari da shuɗi, da harafin L a tsakiya. Direba ya kafa wa falwaya ido. In ya daɗe bai ga mai fenti ba, ya san ya yi ɓatan kai, sai ya juyo.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta "mil ɗin iri". Kuɗin ƙungiyar ba su isa a zuba kankare a hanyar duka ba, sai ta riƙa zaɓar wuri can cikin karkara ta zuba mil ɗaya tak. Na farko an yi shi a 1914 kusa da garin Malta a jihar Illinois. Manomin da ya sha fama da laka, ya hau wannan ɗan guntu sumul, sannan ya sake faɗawa cikin taɓo, ba ya bukatar wani ya yi masa lacca. Shi da kansa zai je ya matsa wa hukuma lamba.

A wannan zamani kowa ya ɗauko gwangwanin fenti. Aka yi Hanyar Yellowstone mai alamar rawaya, da Dixie wadda ta gangara zuwa Miami, da Jefferson daga Winnipeg ta Kanada zuwa New Orleans. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 hanyoyi masu suna sun haura 250. Nan abin ya fara lalacewa. Ƙungiyoyin da ke kula da hanyoyin na rayuwa ne da kuɗin da garuruwa da masu otal da gidajen mai ke biya, don haka hanya kan karkace ta bi ta garin da ya buɗe bakin aljihu, ko da tafiyar za ta ƙara tsawo. A wasu wuraren hanyoyi da dama kan hau turba ɗaya, falwaya guda ta sha launuka daga sama har ƙasa, baƙo ya tsaya ya rasa wanne ne nasa.

Sojoji ma sun ɗanɗana wahalar hanya. A 1919 kwambar motocin soja ta tashi daga Washington ta bi Hanyar Lincoln zuwa San Francisco, ta yi kwana 62, tana karya gadojin katako tana tsayawa gyara su. Cikin tawagar akwai matashin hafsa, Dwight Eisenhower.

Ranar 11 ga Nuwamba, 1926, jami'an hanyoyi na jihohi suka amince da tsarin lambobi. Hanyar da ta miƙe gabas da yamma ta samu lamba mai rabuwa biyu daidai, ta kudu da arewa ta samu mara rabuwa. Yawancin Hanyar Lincoln ya koma lamba 30. Masu ƙungiyoyi sun yi ƙorafi cewa lamba ba ta da armashi kamar suna, amma direba ya huta. Abin mamaki, lamba 66, daga Chicago zuwa Los Angeles, ta zo ta fi duk sunayen shahara.

Ƙungiyar Lincoln ta yi bankwana a 1928, inda 'yan sikawut suka kafa dubban turakun kankare masu hoton Lincoln a bakin hanya, wasu na nan tsaye har yau. Hafsan nan na kwambar 1919 kuwa, shi ne shugaban ƙasar da ya sa hannu a dokar 1956 wadda ta ɗora wa gwamnatin tarayya kashi 90 cikin 100 na kuɗin gina manyan titunan da suka haɗa jihohin Amurka.