Yadda Ƙaramin Likita Ke Kwana a Bakin Aiki

Da ƙarfe huɗu na yamma, sa'ad da yawancin ma'aikatan asibiti ke tattara komatsansu za su tafi gida, wani ƙaramin likita aikinsa ya dawo sabo. Tun takwas na safe yake tsaye, kuma ba zai miƙa aiki ba sai takwas na safiyar gobe. Wannan ne aikin kwana, wanda likitoci ke kira kol.

A Najeriya, wanda ya gama shekara 6 na karatun likita sai ya yi shekara guda ta horo kafin hukumar kula da likitoci ta MDCN ta yi masa cikakkiyar rajista. Yakan yi wata uku-uku a sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da na mata da haihuwa. Sama da shi akwai likitoci masu neman ƙwarewa, sai kwansaltan a ƙoli. A asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, na ƙasan nan ake fara kira in wani abu ya taso.

Daren yakan fara da karɓar aiki: wane ne jikinsa ya tsananta, wa aka yi wa tiyata yau, sakamakon gwajin wa ake jira. Daga nan sai zirga-zirga. Ya ɗebi jini, ya rubuta magani a folda, ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje, ya bi sawun ledar jinin da za a ƙara wa mai jego. A sashen yara, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, zai iya shafe rabin awa a sunkuye yana laluben jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, nas na haska masa fitila, uwa na riƙe da ƙafa tana salati. Jijiyar na samuwa, waya ta yi ƙara: an kawo mai ciki tana jijjiga.

Akwai ɗakin hutawa, mai gado ɗaya ko biyu. In dare ya lafa, a nan yake cin abincin da ya huce tun magariba, ya yi sallah, ya buɗe littafi don jarrabawar ƙwarewa, ko ya ɗan rintsa da takalmi a ƙafa. Asuba na yi, sai ya sake zagaya majinyata, don ya shirya bayanin da zai yi wa manyansa da safe.

Barci ɓarawo ne, kuma ido mai gajiya na iya karanta adadin magani ba daidai ba. Shi ya sa a Amurka, tun 2003, aka taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako, dokar Tarayyar Turai kuwa ta tsaya a awa 48. A nan gida, ƙungiyarsu ta NARD ta daɗe tana kuka da yawan aiki da ficewar likitoci zuwa ƙetare, wanda ke sa kol ya riƙa zagayowa da sauri kan waɗanda suka rage.

Saboda haka, mai jinya, in ka ga an wuce naka an nufi wani gado, ka sani da dare ana bin tsananin ciwo ne, ba layin zuwa ba. Ka zo da katin asibiti da kwalayen magungunan da majinyaci ke sha, har da na gargajiya, kada ka ɓoye. Ku wakilta mutum ɗaya ya yi bayani. In an nemi jini, ku bayar da wuri. In numfashi ya sauya ko majinyaci ya daina amsawa, a gaya wa nas nan take. Minti goman da kuka rage wa likita, wataƙila shi zai kai shi gadon da ake jiransa cikin lokaci.